Gani Bai Kori Ji Ba: Buffy Daga Talabijin Zuwa Takarda

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a galibin al'amuran duniya maganar tana nan daram. Sai dai akwai wurin da ba ta cika aiki ba, wato inda abin da mutum ya shaƙu da shi murya ce. Misalin da zan kafa hujja da shi daga Amurka ya fito: shirin talabijin mai dogon zango da ake kira Buffy the Vampire Slayer, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Buffy contre les vampires, da kuma littattafan labarin zane, waɗanda a nan muka fi kira BD, da aka ɗora labarin a cikinsu bayan shirin ya ƙare. Ina cikin masoyan shirin da suka yi murna da fitowar littattafan, sa'annan suka rufe su da guntun ƙorafi a zuci. Ra'ayina shi ne wannan ƙorafi yana da tushe a cikin harshe. Littattafan sun kwaso kalmomin taurarin labarin ba su rage komai ba, amma muryoyinsu sai dai mai karatu ya zo da su daga gida. Inda abin da aka zana ya dace da muryar da ke kunnensa, karatu yakan yi armashi. Inda aka kai taurarin wurin da muryar ba ta taɓa zuwa ba, sai ya ga fuskokin da ya sani suna magana da bakin baƙi.

Yadda labarin ya koma takarda

An fara nuna shirin a watan Maris na 1997, aka rufe shi a watan Mayu na 2003, bayan zango 7 da kashi 144. Joss Whedon ne ya ƙirƙiro shi, Sarah Michelle Gellar kuma ta fito a matsayin Buffy Summers, ƴar makarantar sakandare a wani ƙagaggen gari na jihar Kaliforniya mai suna Sunnydale. Ƙa'idar duniyar labarin ita ce a kowane zamani akan zaɓi yarinya guda a ba ta ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, domin ta yaƙi mashaya jini, wato matattun da ke tashi da dare suna rayuwa da jinin mutane, da sauran dodanni. In ta mutu, sai ƙarfin ya koma ga wata. Tare da Buffy akwai aminanta Willow da Xander, da kuma Giles, Baturen Ingila mai kula da ɗakin karatu na makarantar, wanda shi ne malaminta, ya kuma zame mata kamar uba. Dodannin shirin yawanci inuwa ce ta matsalolin ƙuruciya: kaɗaici, da wulaƙancin ƴan aji, da masoyin da ya sauya hali dare ɗaya, da rashin iyaye. Wannan ne ya ɗaga shi sama da sauran labaran ban tsoro na lokacinsa.

A kashi na ƙarshe Willow ta yi wani sihiri da ya rusa tsohuwar ƙa'ida, ƙarfin ya bazu ga duk yarinyar da ke da rabonsa a duniya, garin Sunnydale kuma ya rufta ya zama ƙaton rami. An bar Buffy tsaye a bakin ramin, aka tambaye ta abin da za a yi nan gaba, ba ta ce komai ba sai murmushi.

Bayan shekara kusan huɗu, a Maris na 2007, kamfanin Dark Horse ya saki fitowar farko ta jerin da aka raɗa wa suna Zango na Takwas. Tun 1998 kamfanin yake buga labaran zane na Buffy, amma waɗancan labarai ne na gefe. A wannan karon Whedon da kansa ya rubuta buɗewar, ya jagoranci sauran marubuta, aka kuma shelanta cewa wannan shi ne ci gaban labarin na haƙiƙa. Georges Jeanty ne ya zana mafi yawan shafukan. An yi fitowa 40, ta ƙarshe a Janairu na 2011. A 2008 jerin ya ci kyautar Eisner ta sabon jeri mafi kyau, wadda ke cikin manyan kyaututtukan wannan fanni a Amurka. Zango na tara zuwa na sha biyu suka biyo baya har 2018.

Harshen da ke bakin taurarin

Abin da ya sa wannan shiri ya cancanci shafi a mujallar ɗaliban kimiyyar harshe shi ne irin Ingilishin da ake yi a cikinsa. A 2003 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga littafin Michael Adams mai suna Slayer Slang, wanda ya haɗa nazari da ƙamus na sarar da ke bakin taurarin. Yawancin dabarunsu na ƙirar kalma ne. Sukan ɗauki ɗafa-ƙeya -age su liƙa wa aikatau su samar da suna, kamar slayage daga slay, ma'ana aikin kisan dodanni, ko kissage daga kiss. Sukan liƙa -y ga kusan kowace kalma su mayar da ita sifa. Sukan kuma mayar da sunan yanka aikatau. A wani kashi na zangon farko Buffy ta yi amfani da sunan Scully a matsayin aikatau a kan Giles, Scully kuwa ita ce tauraruwar shirin X-Files mai musun duk abin da kimiyya ba ta tabbatar ba, wato tana zarginsa da ƙaryata ta. Wannan salo ba baƙo ba ne ga mai nazarin Hausa, wanda ya san yadda muka samu zamanantar daga zamani, da siyasantar daga siyasa.

Bayan wannan sara ta kowa, kowane tauraro yana da nasa baki. Giles yana magana da dogayen jumloli masu sarƙa irin na masu ilimin Ingila. Willow takan fara jumla ta karkace, ta gyara kanta, ta sake karkacewa. Xander yana ɓoye tsoronsa cikin ba'a. Faith, wata mai irin ƙarfin Buffy da ta taso a gidan talakawa a Boston, gajerun kalamai gare ta masu kaifi, kuma ta fi kiran Buffy da harafin farko na sunanta.

Duk waɗannan abubuwa ne da alƙalami ke iya kamawa, kuma littattafan sun kama su. Daga cikin marubutan Zango na Takwas akwai Jane Espenson da Drew Goddard, waɗanda suka yi wa shirin talabijin ɗin rubutu. In aka rufe zanen aka bar kumfar magana kawai, wato ƴar da'irar nan da ake rubuta zancen tauraro a ciki, mai son shirin zai iya faɗin wanda ke magana ba tare da jinkiri ba. Ta fuskar zaɓen kalma da ginin jumla, ba ni da abin da zan tuhumi littattafan da shi.

Abin da takarda ba ta riƙewa

A wata maƙala ta 1959, Roman Jakobson ya kasa fassara gida uku: fassara a cikin harshe ɗaya, da fassara daga harshe zuwa harshe, da fassara daga tsarin alamomi zuwa wani tsarin. Da irin ta uku yana nufin juya kalmomi zuwa alamomin da ba kalmomi ba, amma masu nazari sun faɗaɗa ta zuwa duk wani sauyin kafa. Komawar Buffy daga talabijin zuwa BD a nan ta faɗo. Talabijin yana aiki da kalma, da murya, da fuska mai motsi, da kiɗa, da lokacin da mai shiri ke iko da shi. Takarda tana da kalma, da zane maras motsi, da tsarin shafi. Abu uku sun faɗi a hanya, kuma mafi nauyinsu murya.

Ɗalibin Hausa ya fi kowa dacewa ya gane abin da wannan ke nufi. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Da haruffa iri ɗaya muke rubuta kukan jariri da kukar miya, da garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. "Ya zo" a kan takarda yana iya zama labarin abin da ya wuce, ko izini da umurni, ko abin da ake sa ran aukuwarsa, kuma karin sauti da tsawon wasali ne kaɗai ke raba su a baki. Duk da haka Bahaushe yana karanta jarida ba ya tuntuɓe, domin harshen yana kunnensa tun kafin ya ɗauki takardar. Rubutun tunatarwa yake yi masa. Baƙon da ke koyon harshen kuwa, shi ne ke buƙatar alamomin da muke gani a ƙamus.

Haka Zango na Takwas yake ga wanda ya kalli kashi 144. Shafin yana tuna masa da muryar da ya riga ya haddace, shi kuma yana cike gurbi. Ba'ar Buffy a rausayar murya take, a jumlar da aka faɗa da murya a kwance alhali duniya na rugujewa. Nauyin Giles yana cikin ɗan shirun da Anthony Stewart Head ke yi yana goge tabarau kafin ya amsa. Mai tsara haruffa a BD yana da ƴan kayan aiki: baƙin harafi mai kauri don jaddadawa, da ɗigo uku don jinkiri, da ƙaramin harafi don raɗa. Suna taimakawa, amma tsakaninsu da muryar mutum akwai tazarar da ke tsakanin alamar karin sauti a ƙamus da hirar zaure.

Daga nan wata tambaya ta taso wadda ta shafe mu kai tsaye: wace murya ce mai karatu ke zuwa da ita? Wanda ya kalli shirin da Faransanci, muryar Claire Guyot ce Buffy a kunnensa, domin ita ta ɗora wa Gellar murya. Kalmomi irin slayage kuma ba su da takwara a Faransanci, dole mai fassara ya nemi wata dabara ko ya haƙura. Wanda ya saba kallon finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa ya san yadda muryar mai fassara ke manne wa fuskar jarumi har ta zama tasa. Ke nan masoya biyu suna iya buɗe shafi ɗaya, kowanensu yana sauraren matani dabam. Wanda bai taɓa kallon shirin ba kuwa, shi ne baƙon da aka miƙa wa jaridar Hausa ba tare da ƙamus ba.

Wani zai iya kawo hujja a kaina daga shirin kansa. A Disamba na 1999 an nuna kashin da ake kira Hush, inda wasu dodanni suka sace muryoyin mutanen gari, aka yi kimanin minti 27 babu mai furta kalma. Kashin yana cikin waɗanda aka fi yabo, har an sa rubutunsa cikin takarar kyautar Emmy. A cikinsa ma Giles ya bayyana wa sauran halin da ake ciki ta hanyar zane da gajeren rubutu da yake haskawa a bango, kamar dai ƙaramin BD a cikin shirin. In shirin ya iya tsayawa ba murya, me zai hana takarda? Amsata daga darasin farko na kimiyyar harshe take: ma'ana daga bambanci take fitowa. Shirun Hush ya yi nauyi ne saboda an ƙwace muryar da mai kallo ya saba ji kowane mako, kuma shiru ne da ke tafiya cikin lokaci, da kiɗa, da motsin hannu da ake yi wa mummunar fahimta. A takarda kowane shafi shiru ne, don haka shirun bai da abokin bambanci sai in mai zane ya gina masa shi da gangan.

Inda littafin ya ci nasara

BD yana da nasa ƙarfi da talabijin ba shi da shi. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya nuna cewa babban aikin yana faruwa ne a farin filin da ke tsakanin akwatin zane da mai bi masa, inda mai karatu ke haɗa hoto biyu marasa motsi ya samar da motsi a ransa. Lokaci a hannun mai karatu yake: yana iya tsayawa kan hoto guda, yana iya komawa baya. Zango na Takwas ya yi fice a wurare biyu mabambanta, kuma duka biyun suna goyon bayan abin da nake faɗa.

Na farko shi ne inda ya jingina gaba ɗaya ga muryoyin da aka sani. A fitowa ta 6 zuwa ta 9, waɗanda Brian K. Vaughan ya rubuta, Giles ya tura Faith ta kashe wata ƴar manyan gidajen Ingila mai suna Genevieve, wadda ta samu ƙarfin ta kuma karkata zuwa ɓarna. Kafin Faith ta shiga wannan gida dole ta koyi maganar masu sarauta, da zamansu, da yadda suke riƙe cokali. Labarin kacokan kan karin harshe da matsayi ya ginu. Mai karatu yana jin Eliza Dushku, wadda ta fito a Faith, tana kokawa da lafazin da ba nata ba, ko da yake babu sautin da ya fito daga shafin. Mutum biyu ne a ɗaki suna magana, kuma wannan wuri ne da muryoyinsu suka sha zuwa. Makamancin haka ya faru a fitowa ta 16 zuwa ta 19, inda aka jefa Buffy ƙarni biyu gaba ta haɗu da Fray, mai irin aikinta a wancan zamani. Sarar mutanen gaba ta rikita ta, har ta ɗora wa kanta alhakin lalacewar Ingilishi. Wannan raha a rubuce ta fi daɗi, domin ido yana iya tsayawa ya warware kowace baƙuwar kalma.

Na biyu shi ne inda littafin ya rabu da murya ɗungurungum. Fitowa ta 5, mai suna The Chain, wadda Whedon ya rubuta Paul Lee ya zana, labarin wata yarinya ce da aka sa ta yi shigar Buffy don a ruɗi abokan gaba. An tura ta ƙarƙashin ƙasa, ta mutu a can, kuma har aka rufe shafin ƙarshe ba a faɗi sunanta ba. Babu ƴar wasan da ta taɓa fitowa a matsayinta, don haka babu muryar da za a yi kewa. An tsinka lokaci an baza shi a kan shafuka, mai karatu yana harhaɗa rayuwarta da kansa. A ganina ita ce fitowa mafi kyau cikin arba'in ɗin, kuma abin lura ne cewa ita ce wadda ta fi nisa da talabijin.

Inda ya yi tuntuɓe

Shirin talabijin yana aiki ne cikin ƙuncin kuɗi. Ba kowane dodo ake iya nunawa ba, ba kowace ƙasa ake iya zuwa ba, shi ya sa taurarin suke yawan zama a ɗakin karatu ko a falo suna magana. Wannan ƙunci shi ya haifi harshen da muka yi bayani. A takarda kuwa, zanen runduna da zanen kujera kuɗinsu bai bambanta sosai ba. Da aka cire takunkumi sai labarin ya kumbura. Buffy ta zama shugabar rundunar ƴan mata kusan 500 daga cikin kimanin 1,800 da suka samu ƙarfin, hedikwatarta a wani tsohon gidan sarauta a Sikotilan. Ƙanwarta Dawn ta zama ƙatuwa mai tsawon bene, har ta yi dambe da wani mutum-mutumin ƙarfe mai kamarta a titunan Tokyo. Aka shiga jirgin ruwa mai tafiya a ƙarƙashin teku aka tsinci kai a Tibet. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ban sha'awa a ido, amma kunne ba ya samun abin kamawa, domin mai karatu bai taɓa jin waɗannan mutane suna ba da umurnin yaƙi ga ɗaruruwa ba.

Matsalar ta kai ƙarshenta a labarin Twilight, wani maƙiyi mai rufe fuska da ya haɗa kai da sojojin Amurka a kan ƴan matan. A 2010 aka yaye abin rufe fuskar, sai ga Angel, tsohon masoyin Buffy, mashayin jinin da aka mayar wa ruhinsa, wanda masu kallo suka shafe shekaru suna ganin yana neman gafarar zunubansa. Bayanin da aka bayar shi ne duniya ce da kanta ta ƙulla haɗuwar su biyun don ta haifi sabuwar duniya. An cika shafuka Giles yana warware wannan falsafa. Kalmomin nasa ne, tsarin jumlar nasa ne, amma na kasa jin muryarsa a cikinsu, kuma na kasa jin ta Angel tana kare mutuwar ƴan matan da aka yi asara. Kama da wane ba wane ba ne.

A kwatanta mutuwa biyu. A Fabrairu na 2001 aka nuna kashin The Body, inda Buffy ta dawo gida ta tarar da mahaifiyarta kwance a kujera ba rai. Babu kiɗa a kashin daga farko har ƙarshe. Ta kira ta da kalmar da manya ke kiran uwa, ta sake kira, sa'annan muryarta ta ƙanƙance ta koma kalmar da ƙananan yara ke amfani da ita. Da Giles ya iso ya nufi mamaciyar, sai Buffy ta daka masa tsawa kada ya taɓa gawar, nan take ta firgita da kalmar da ta fito daga bakinta. Tafiyar nan daga "uwa" zuwa "gawa" darasi ne cikakke a ilimin ma'ana, kuma murya ce ta ɗauke shi. A fitowa ta 39 ta littafin, Angel, wanda ikon Twilight ya hau kansa, ya karya wuyan Giles. Buffy ta farfasa wani iri da ke ƙarƙashin Sunnydale wanda shi ne tushen sihiri, sihiri ya ƙare a duniya. Mutuwar wanda ya zame mata uba ta auku ne a tsakiyar hargitsin yaƙi, ido ya wuce ta cikin daƙiƙa kaɗan. BD yana da hanyar tsayar da mai karatu, kamar yadda The Chain ta nuna, amma a nan an yi wa shafin lodi fiye da ƙima.

Akwai kuma batun jira. Zango guda a talabijin yakan ɗauki kashi 22 cikin wata tara ko kusa da haka. Zango na Takwas ya ci kusan shekara huɗu, fitowa guda a wata, kuma sai an haɗa huɗu ko biyar kafin a samu labari ɗaya cikakke. Murya abu ce da ke dusashewa a ƙwaƙwalwa in an daɗe ba a ji ta ba.

Whedon da kansa, a wasiƙar da ya rufe fitowa ta 40 da ita, ya amince cewa rashin iyakar da takarda ta ba shi ya ɗauke shi nesa da ƙananan al'amuran rayuwa da suka sa mutane son shirin. A wannan fitowa an mayar da Buffy San Faransisko tana aiki a shagon shan kofi, tana kwana a kujerar falon ƙanwarta. A zango na tara har wani dodo ya biyo ta karɓar bashin kuɗin karatu. Da labarin ya koma ɗaki, sai muryoyin suka dawo. Zango na goma, na Christos Gage da Rebekah Isaacs, shi ne a wurina ya fi kusa da ruhin shirin.

Wa ke da ikon cewa wannan ne ci gaban?

Masoya sun rabu biyu. Wasu sun ce tun da mahaliccin labarin ya sa hannu, magana ta ƙare, abin da ke littafin shi ne abin da ya faru. Wasu sun ce labarin ya tsaya a bakin ramin Sunnydale, sauran duk ƙari ne. Ban gamsu da ko ɗaya ba.

Ɓangaren farko ya manta cewa shirin talabijin ba aikin mutum ɗaya ba ne. Buffy haɗin gwiwa ce tsakanin alƙalamin marubuta da maƙogwaron Gellar, don haka sa hannun marubuci rabin shaida ne. Ya kuma manta cewa wannan hatimi na "haƙiƙa" yana tafiya da yarjejeniyar kasuwanci. Lokacin da Dark Horse ke buga Buffy, wani kamfani dabam, IDW, shi ke da izinin buga labarin Angel, kuma daga 2007 yana fitar da nasa ci gaban shirin Angel da ya ƙare a 2004. Tauraro ɗaya yana rayuwa a gida biyu. A 2018 izinin Dark Horse ya ƙare, a Janairu na 2019 kamfanin Boom! Studios ya sake ɗauko labarin daga tushe, Buffy ta koma ƴar sakandare a zamanin wayar salula. Abin da aka shafe shekara goma sha ɗaya ana ginawa aka ajiye shi gefe. Ko a cikin jerin kansa, Giles da aka kashe an dawo da shi a 2013 a jikin yaro ƙarami.

Ɓangare na biyu kuma ya yi wa littattafan rashin adalci. Wanda ya ƙi buɗe su ya rasa labarin Faith da Giles, ya rasa yarinyar nan maras suna. Murmushin Buffy a bakin rami kyakkyawan rufewa ne, amma tambayar da ya bari tambaya ce ta gaske: in aka raba ƙarfi ga dubban mutane, wa zai hana wasu zalunci da shi? Littattafan sun fuskanci wannan tambaya, ko da amsar ta zo da hayaniya.

Kammalawa

Matsayina shi ne a karanta Zango na Takwas da waɗanda suka biyo shi a matsayin fassara, a kuma auna su da ma'aunin fassara: me aka riƙe, me ya faɗi, me sabuwar kafar ta ƙara daga nata. Sun riƙe ƙirar kalma da ginin jumla. Sun rasa rausayar murya, da kiɗa, da ikon sarrafa lokaci. Sun ƙara abin kirki a duk inda suka yarda cewa su takarda ne, sun kuma yi asara a inda suka ɗauka cewa girman hoto zai maye gurbin sauti. Wanda bai kalli shirin ba, shawarata ya fara da shi, domin littafin da tsohon mai sauraro yake magana.

Ga ƴan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin kammala karatu, akwai aiki a nan da ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A ɗauki hira guda daga shirin a rubuta ta da alamomin rausayar murya da tsawon shiru, a ɗauki makamanciyarta daga littafin, a lissafa dabarun da mai tsara haruffa ya yi amfani da su don cike giɓin, sa'annan a duba abin da fassarar Faransanci ta yi da duka biyun. Wanda ya yi wannan zai dawo ga rubutun Hausa da sabon ido, domin kowace rana muna karanta shafukan da rabin saƙonsu a kunnenmu yake, kuma mun saba da hakan har mun daina lura.